Wata biyar ba magani saboda yaron unguwa ya ganka a asibiti?

Wasiƙar wannan makon daga Garwa ta ƙasar Kamaru ta zo, mai ita ya roƙa kar a saka sunansa ko unguwarsu, to ba za a saka ba. Doguwa ce sosai, na taƙaita ta haka:

"Assalamu alaikum Malam. Shekarata 46, matana biyu, yara bakwai, ina lodin albasa daga nan arewa zuwa Yawunde da Duwala. Shekara biyu da suka wuce na kwanta ciwo aka gwada ni akace ina da ƙwayar sida. Na fara shan magani a nan Garwa na warware sarai. Ranan naje karɓa sai na tarar da wani yaron unguwarmu, ɗan wani da ya taɓa yi min aikin lodi, shi ne zaune da rajista yana kiran suna. Ya gaishe ni na amsa na fita ban sake komawa ba. Na koma karɓa a Gidar, tafiye-tafiye suka sa na ɓata randebu, wato ranar da aka ce in koma karɓa, yanzu wata biyar ban sha ba, ina shan sassaƙen wani mai magani da yace yana wanke jini cikin kwana 40. Yaron ya kira ni ban ɗauka ba, sai ya same ni a rumfa bayan la'asar ba kowa yace 'Alhaji nima ina sha, shekarata 9 a kai', wai in zo ya raka ni, wai suna da ƙungiyar maza suna haɗuwa duk wata. Raina ya ɓaci. Ina tsoron ya tona min asiri ko ya riƙa tatsar kuɗina. Matana basu sani ba, amarya tana da cikin wata huɗu. Kwanan nan ina tari da zufan dare, wando ya fara min yawa. Ya zanyi yaron nan ya fita harkata, kuma ina zan sayi maganin da kuɗina, ko a Yola ne, inda ba wanda ya san ni?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji sannu, Allah ya baka lafiya ya rufa mana asiri baki ɗaya. Tambaya biyu kayi min kuma zan amsa su, amma ba dasu zan fara ba, don akwai wata magana da ka jefa can ƙarshen wasiƙa kamar ba komai ba alhali ita ce ta hana ni ajiye amsarka zuwa wani makon. Tari, zufan dare, rama, ga mutum mai ɗauke da ƙwayar nan kuma wata biyar ba magani, duk ma'aikacin asibitin da yaji wannan abu na farko da zai faɗo masa a rai shi ne tarin fuka, wato tibi. A duk duniya ba ciwon da ya kai shi kashe masu ɗauke da VIH, wato ƙwayar sida ko ƙanjamau, kuma shi ta iska yake bi, wato yaranka bakwai da kuke kwana gida ɗaya da mai cikin nan duk kana iya shafa musu ba tare da ka ko taɓa su ba. Gwajinsa kaki ne kawai zaka tofa a ƴar kwalba su saka a na'ura, wani lokaci su haɗa da hoton ƙirji, maganinsa wata shida ne, kyauta gwamnati take bayarwa, kuma ana warkewa tas idan an kama shi da wuri. Don haka ko yaron nan ya tattara ya koma Kusiri yau, kai dai asibiti zaka je a satin nan, ba sai an sauke lodi ba, ba sai bayan kasuwar Lahadi ta Pitowa ba.

Wannan ma kaɗai ya isa ya rushe maganar "in saya da kuɗina in ci gaba da sha a ɓoye". Wanda ya ajiye magani tsawon watanni ya dawo da tari ba a haka kawai ake miƙa masa kwalba ace jeka ba. Idan tibi ne, nasa maganin ake fara yi tukun sannan a mayar da kai kan na sida cikin sati biyu, kuma ɗaya daga cikin magungunan tibi, rifampisin, yana rage ƙarfin dolutegirabir da ke cikin ƙwayar nan ɗaya da yawancin mutane ke sha yanzu wadda ake kira TLD, don haka sai an ƙara maka wata ƴar ƙwaya ka riƙa sha bayan awa 12. Mai tebur a kasuwa ya san wannan? Sannan a asibiti zasu so su ga sojojin jininka da ake kira CD4, mai lafiya yana da daga 500 zuwa sama, idan naka sun faɗo ƙasa da 200 to akwai wasu gwaje-gwajen da rigakafin da zasu ƙara. Kuma dan Allah idan kana ciwon kai mai tsanani da baya sauka, ko wuya ya sandare, ka faɗa musu tun kafin su tambaya, don akwai wani nau'in sanƙarau da ke kama masu raunin garkuwa wanda shi sai an fara maganinsa an jira makonni kafin a koma kan maganin sida, wato ARV.

Game da saya ɗin ma, me zaka saya? Tun watan Mayu na 2007 maganin nan kyauta ne a Kamaru, kuma tun 1 ga Janairun 2020 gwamnati ta cire kuɗin ganin likita da na gwaje-gwajen da suka shafi cutar a asibitocinta, har da gwajin yawan ƙwayar cuta a jini, wanda kake ji suna cewa sharj biral. Maganin ta rumbun gwamnati yake bi ya sauka a wuraren da aka amince dasu, su ake kira UPEC ko CTA, akwai na gwamnati akwai na mishan akwai masu zaman kansu. Duk wanda ya ciro maka shi daga ƙarƙashin tebur to ko dai ta ɓarauniyar hanya ya fito, ko ya sha rana ya lalace, ko jabu ne, kuma ranar da bashi da shi kaima baka da shi. Yola kuwa can ma sai an buɗe maka fayil an rubuta suna, ga boda ga kuɗin mota ga masu shinge a hanya, kai da Gidar mai kilomita kamar 100 a kan kwalta ta gagara. Kuma kai ɗan kasuwa ne, ka fi ni sanin cewa mutanen Garwa a Yola ba a ƙirga su.

Mai sassaƙe ba zan daɗe a kansa ba. Kwana 40 yace, kai wata biyar kayi, ga wandonka nan yana baka amsa. Har yau babu sassaƙe ko jiƙo ko garin da aka tabbatar yana fitar da ƙwayar nan daga jiki, kuma ita da an ajiye magani cikin ƴan makonni take dawowa ta cika jini ko da a da ta kwanta luf. Abin da ya fi damuna da shi hanta ce da ƙoda. Mu nan arewa muna cikin inda ciwon hanta nau'in B ya fi yawa a ƙasar nan, tenofobir da ke cikin TLD yana danne shi shi ma, wanda yake da su biyun idan ya tsayar da magani bagatatan hanta tana iya tashi da ƙarfi, sai kuma a bi ta da jiƙon da ba a san me ke ciki ba. Ka dena sha, ragowar kuma ka ƙunsa ka tafi da shi asibiti su gani. Addu'a da sadaka da karatun Alƙur'ani kam ka ƙara, ba wanda ya hana ka, Annabi (SAW) da kansa ya yi umarni da neman magani, kuma shi yace wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali.

To yanzu mu zo kan yaron, don a nan ne nake ganin ka juya abin a baibai. Zauna kayi lissafi irin naku na ƴan kasuwa. Daga ranar da ya ga sunanka a rajista zuwa yau wata nawa ke nan? Cikin watannin nan ka taɓa jin ƙishin-ƙishin a majalisa? An sauya maka fuska a masallaci? Iyayen amarya sun aiko a kawo musu ƴarsu? Alhaji Garwa bata da girman da labari irin wannan zai fita daga bakin mutum ɗaya yayi sati bai zagaya Yelwa da Fulɓere da kasuwa ya dawo ya same ka a rumfarka ba. Shiru kaji, kuma shirun nan shaida ce. Ƙara da wannan, shekara 9 yana shan magani a unguwarku, ubansa yayi maka aiki, kai da kake ganin ka san cikin kowane gida ka taɓa sani? Kuma ba kai kaɗai ne ɗan unguwa a cikin rajistar nan ba, wannan kam ko rantsuwa sai inyi, ƙasar da ke da kusan mutum rabin miliyan masu ɗauke da ƙwayar nan ai ba a rasa su a kowace unguwa, akwai masu rawani akwai masu kaki akwai matan manya. Sunan wa ka taɓa ji a bakinsa?

Sannan ka duba yadda yazo maka. Bai turo saƙo a waya da wani zai iya karantawa ba, bai je gidanka ba, ya jira sai da rumfa ta watse, kuma abu na farko da ya ajiye a gabanka sirrinsa ne shi. Mai niyyar cutarka baya fara miƙo maka wuƙar da zaka yanka shi da ita. Yaro ne matashi ɗan talaka, yana da aure a gaba ko yana da ƙaramin iyali, kai Alhaji ne mai faɗa a ji, da kai da shi wa ya fi asara idan magana ta fita? Kalma ɗaya zaka jefa a majalisa ka hana shi mata a unguwar nan har abada, ya san da haka sarai kuma ya faɗa maka. Ni a wurina wannan ba raini ba ne, jingina ya baka.

Abin da ya ɓata maka rai kuwa, bari in faɗa maka shi ƙarara tunda ka tambaye ni, girma ne. Da likita ne mai furfura daga kudu ya same ka a rumfa da shayi zaka sa a kawo masa. Amma ɗan leburanka, wanda wataƙila ka sha ba shi dala biyar ta alewa yana ƙarami, yau shi ya san abin da matanka basu sani ba, wannan ne yake cinka, kuma na gane, ba ƙaramin abu ba ne ga namiji mai shekara 46. Sai dai wanda ya riga ka kwana zai riga ka tashi. A harkar albasa kai ne malaminsa, a wannan harkar ya baka shekara bakwai, ya wuce ta inda kake yanzu, ya san ranakun da mutum ke kallon kwalbar yaji kamar ya wurga ta a Binuwai, ya san yadda ake sha a gidan da ba ka da ɗakin kanka, kuma ga shi nan a tsaye da ƙafarsa yana aiki har kai baka taɓa zargin komai ba.

Kiran da yake maka ma ba shisshigi ba ne, aikinsa ke nan. A wuraren karɓar magani akwai masu rakiya da ake ce wa APS, da yawansu suma masu shan maganin ne, aikinsu su zauna da sabon shiga su yi masa bayani, su tuna wa mutum randebu, idan an ga bai zo ba su kira, idan bai ɗauka ba su neme shi. Dalilin ɗaukarsu shi ne likita mintuna kaɗan yake da su a kanka ga layi a waje, kuma akwai tambayoyin da mutum ba zai iya yi wa mai farar riga ba, ina zan ɓoye kwalba, me zan ce wa uwargida idan ta gani, ya maganar kwanciyar aure, zan iya sake haihuwa, in na mutu wa zai wanke ni. Irin waɗannan sai wanda abin ya shafa. Ɗan abin da ake basu bai taka kara ya karya ba, tun da Amurka ta tsuke tallafinta a farkon 2025 ma aikin ya ƙara musu wuya a wurare da yawa, wasu da kiredit ɗinsu suke kiran mutane.

Ban ce duk ma'aikacin asibiti waliyyi ne ba. Akwai masu sakin baki, an yi, mutane sun cutu, tsoronka yana da tushe. Shi yasa zan faɗa maka haƙƙinka. Tona sirrin da mutum ya sani ta hanyar aikinsa laifi ne a dokar hukunta laifuka ta Kamaru, sashe na 310, har da ɗauri a ciki. Idan shi ko wani ya taɓa buɗe baki ya nemi ko dala a hannunka don yayi shiru, ko akace ka biya kuɗin magani, majo, wato shugaban ma'aikatan jinya na sashen, zaka samu kai tsaye, in bai yi komai ba ka hau sama wurin darakta. Kana da damar kace kar a sake zuwa maka rumfa, ka bada lambar da kake so a kira da lokacin da kake so, ku shirya abin da zai ce idan wani ne ya ɗauki wayar. Kana da damar kace a haɗa ka da wani APS ɗin daban, ko a baka takardar canjin wuri zuwa wani asibitin a cikin Garwa tunda ba guda ɗaya ba ne. Duk wannan halal ne. Amma shawarata kar ka canza. Can ɗin ma wani zaka tarar wanda baka gwada bakinsa ba, wannan kuwa ka gwada shi watanni ba tare da ka sani ba kuma ya ci.

Ƙungiyar tasu ba dole ba ce, ba wanda zai hana ka magani don baka shiga ba, ka fara da shi yaron kaɗai har jikinka ya dawo. Amma kar ka yanke mata hukunci baka gani ba. Nasan abin da kake tsoro, kaje ka tarar da wanda ka sani. To idan ka tarar da shi me ya kawo shi? Kunnen doki ke nan, ka gan shi ya gan ka, kuma da yawan maza a wannan ranar ce suke fara barci mai daɗi, ranar da suka ga wani dattijo da suke girmamawa zaune a kan benci ɗaya dasu yana ba'a da raha. Mu maza mu ne muka fi ɓuya a wannan ciwon, mata ciki da awo da rigakafin yara suna kai su asibiti ko sun ƙi ko sun so, mu kuwa sai an ɗauko mu ranga-ranga. A irin zaman nan ana hirar da ba a yi ko da ɗan uwa na jini, wasu ƙungiyoyin suna adashe ko asusun taimakon wanda ya rasa kuɗin moto ko ya kwanta, kuma wasunsu gwamnati ta basu izini su riƙa raba maganin a ofishinsu ga waɗanda jikinsu ya daidaita, kaje ka karɓa cikin minti kaɗan ba layin asibiti ba idon jama'a. Ba a nan aka fara ba, a yankin Tete na ƙasar Mozambik tun 2008 masu shan magani suke haɗa kansu har mutum shida, duk wata ɗaya yaje ya karɓo wa sauran suna juyawa, aka ga mutane sun fi tsayawa a kan magani, daga nan ƙasashe da yawa suka kwaikwaya kowa da irin nasa salon.

Kai matafiyi ma ka fi kowa buƙatar mutum a ciki. Abin da ya kayar da kai a Gidar ai randebu ne da ya faɗo kana Duwala, ka dawo kunya ta hana ka zuwa a makare, sati ya zama wata. Da akwai wanda zaka kira kace wane zan tashi jibi kuma sai bayan sati uku, da ya duba ya ga ko za a baka kafin ka tafi. Idan ka dawo ka tsaya da kyau aka gwada jini aka ga ƙwayar ta kwanta, ana bada na wata uku a tashi ɗaya, wasu ma har fiye. Idan kuma ya ƙare maka a hanya, mota ta lalace a gangaren Mbe ko kuɗi sun maƙale a hannun dillalai, ba zama zaka yi a unguwar Birikitiri ta Yawunde ko Niyu Bel ta Duwala kana jira ba, karnenka, wato ɗan littafinka na asibiti, zaka ɗauka kaje UPEC mafi kusa kace kai baƙo ne maganinka ya ƙare, suna taimaka wa mutum da na ƴan kwanaki, idan suna son tabbaci yaron nan ne zai ɗauki waya ya basu lambarka ta fayil. Shi yasa karne baya rabuwa da jakarka. Kwalbar kuma kar ka barta a gaban mota ko cikin aljihun da rana ke duka, zafin Garwa na watan Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 ba abokin magani ba ne, ka barta a rufe da ɗan ƙunshin nan mai tsotse danshi a ciki, ka tura ta tsakiyar kaya.

Sai magana mai nauyi, wadda ka ambata a layi ɗaya ka wuce. Alhaji cikin amarya ba zai jira kunyarka ta sauka ba. Wata biyar ɗin nan da kayi ba magani ƙwayar tana da yawa a jikinka, kuma macen da ta kamu tana da ciki ko tana shayarwa ta fi saurin ba jariri saboda a farkon kamuwa ne ƙwayar ke tumbatsa a jini. Uwar da ke ɗauke da ita bata sha magani ba, cikin jarirai 100 daga 15 har zuwa 45 na iya kamuwa, wadda ta sha da kyau kuwa abin yana saukowa ƙasa da 5, a haifi yaro a ba shi sirop, wato maganin ruwa, na makonni a gwada shi, ya sha nonon uwarsa ya tashi lafiya lau. Kowane sati da ka ƙara kana shiru daga rabon yaron nan kake cirewa. Daga daren yau kwaroron roba ko haƙuri, da ita da uwargida duka, har a gwada su, har kuma kai ka koma kan magani jini ya nuna ƙwayar ta kwanta, wanda yawanci yakan ɗauki wata uku zuwa shida. Albishir ɗin da ke ciki shi ne wanda ƙwayarsa ta kwanta har na'ura bata ganinta kuma ya ci gaba da sha, baya shafa wa matarsa ta hanyar kwanciya, an bi dubban ma'aurata shekaru an tabbatar da wannan.

Kar ka ɗauka dole matanka suna da ƙwayar, gidaje da yawa miji yana da ita mata bata da ita ko akasin haka, idan an gwada ba a samu ba akwai ƙwayar rigakafi da ake kira PrEP da za a iya ba su kafin naka ya daidaita, kuma za a sake gwada mai cikin nan gaba. Wani abin kuma da baka kawo a ranka ba, a wurin awo ana gwada mata masu ciki, idan amarya ta fara awo ba mamaki ta riga ta san wani abu tana can tana ɓoye tata kwalbar a ƙasan akwati tana tsoron saki, kai kana ɓoye taka, gida ɗaya kowa yana kwana da wuta a ciki. Idan haka ta kasance ko aka samu ɗayarsu da ita, ban yarda ka buɗe shari'ar wa ya kawo ba. Ƙwayar nan tana iya shekara takwas ko goma a jikin mutum ba alama, ba ta jima'i kaɗai ake samu ba, kuma ba gwajin da zaka yi a asibitinku ya faɗa maka wa ya riga wa. Kai da ka san naka shekara biyu kayi shiru, ba kai ne mai tuhumar kowa ba. Ba saki, ba gori, ba kai ƙara gidan iyaye.

Yadda zaka faɗa musu, a nan ne kuma yaron da abokan aikinsa zasu yi maka rana, don sun zauna a irin wannan zaman ba adadi. Akwai hanyar da asibiti ke kiran matar mutum tazo gwaji ba tare da an ambaci sunansa ba, akwai ta zuwa tare a gwada ku gaba ɗaya a faɗa muku a gaban mai ba da shawara. Ni na fi son ka faɗa da bakinka, ɗaya bayan ɗaya, kowace a ranarta daban, a ofishin asibiti inda akwai mace APS da zata riƙe ta idan kuka ya zo kuma ta amsa mata tambayoyin da kai ba zaka iya ba, kar ka haɗa kishiyoyi a ɗaki ɗaya a kan wannan, kuma sakamakon kowace nata ne ba na ɗayar ba. Ka fara da amarya saboda cikin. Zasu yi fushi, suna da gaskiya, ka shanye, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan aka samu uwa da ita to ƙananan yaranta ma sai an gwada, idan kuma tarinka tibi ne duk gidan za a duba, wannan ma ƙofa ce mai sauƙi ta kai kowa asibiti ba tare da maƙwabta sun ɗaga gira ba.

Ƴan ƙananan abubuwa don kar ka sake faɗuwa a kansu. Ƙwaya ɗaya ce a rana, ka ɗaura ta a kan wata salla da baka rasawa, da azumi a mayar da ita bayan shan ruwa ko sahur ba sai ka ajiye ba, ka dai gaya musu. Idan ka manta ka sha da ka tuna, sai dai in lokacin ta gaba ya kusa, kar ka haɗa biyu. Wasu tana hana su barci a farko, idan kaine sai a mayar maka da ita safe. Maganin gyambon ciki irin mai farin ruwan nan da ƙwayoyin ƙarin jini da na ƙashi suna riƙe dolutegirabir a hanji su hana shi shiga, ka tambaya yadda zaka raba lokacinsu.

Yau bayan isha ka kira yaron da kanka. Ba sai kayi dogon bayani ba, kace wane naji maganarka, ina tari, yaushe zan zo da ba cunkoso. Shi ya san ranar da layi ke da sauƙi da ƙofar da zaka bi, zai iya ciro fayil ɗinka tun kafin ka iso, kuma shi zai nemo bayananka na Gidar a haɗe su wuri ɗaya. Ka tafi da karnenka na nan da na can, da tsohuwar kwalbar ko babu komai a ciki, da ragowar sassaƙen, ka faɗa musu gaskiyar watannin da kayi baka sha ba kar ka rage ko ɗaya, ba duka ake yi ba, sun saba ganin masu dawowa kuma da lissafin zasu san gwajin da zasu yi maka. Kafin sakamakon kaki ya fito ka riƙa kwana kai kaɗai a ɗaki mai iska, taga a buɗe, ka rufe baki in zaka yi tari, ƙananan yara da mai ciki su ɗan ja baya da shimfiɗarka.